Na Gyara Mata Ƙafa

Da yammacin wata Alhamis, a shekarar da aka fara haƙe titunan Paris za a sa jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sallami ɗalibaina, na wanke hannu, na ɗauki hula da sanda, na kama hanyar gidan ƙanena Firmin. An yi ruwa ya ɗauke. Gari ya yi sanyi, rana tana shirin faɗuwa.

Sunana Anselme Tardivel. Malamin zane ne ni, a kan sana'ar na yi furfura. Na san yadda ƙashi yake zaune a cikin tsoka, na san inda inuwa take kwanciya a gefen hanci. Ɗalibina ba ya taɓa fenti sai ya gaji da zana kunne da tafin ƙafa da gawayi. Shi ya sa in aka kawo mini zancen samarin nan masu dogon gashi, masu lafta fenti a kan ƙyalle kamar ana shafa wa burodi man shanu, tsaki kawai nake ja. Su zana sama kore, su zana mutum shuɗi, wai haka zuciyarsu ta gani. Zuciyar da ba ta iya zana yatsun hannu ba.

Matar Firmin, Ombeline, ita ta same ni a makaranta da safe. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Yaya Anselme, ƙanenka zai mutu a kan kujera."

"Ciwon me?"

"Zane. Wani zane ya samu ya rataya a ɗakin baƙi. Ya daina buɗe shago, ya daina cin abinci. Da rana ta yi sanyi sai ya shiga, ya ja kujera, ya zuba masa ido."

Na yi dariya har da tari. Firmin maɓallan riga yake sayarwa. Tun muna yara in ya zana doki, sai an tambaye shi ta wane gefe kan yake.

"Kai kaɗai yake jin nauyi," in ji ta. "Ka zo ka gaya masa shara ce, ko ya bar ni in fitar da shi."

"Wannan ai ko ban gani ba zan iya gaya masa."

Ba ta yi dariya ba.

Gidansu yana ƙarshen layin Majema, shago a ƙasa, su a sama. Na bi ta cikin taɓo ina tsallake kashin dawaki. Mai kunna fitilun titi yana gabana da doguwar sandarsa, yana ta da su ɗaya bayan ɗaya. Wata mata tana soya dankali a bakin hanya, hayaƙinta ya haɗu da na kwal ya tsaya wa mutum a maƙogwaro. Leburori sun tashi daga aiki, kowa da burodi a hammata. Layin da na sani ke nan tun ina yaro: datti, hayaniya, wari. Ban taɓa ganin abin zanawa a cikinsa ba.

Ombeline ta buɗe mini. Ƙamshin miyar albasa ya cika matakala. Ta nuna mini ƙofar ɗakin da haɓa.

"Ba za ki shigo ba?"

"Ba na shiga in rana ta faɗi," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta koma kicin.

Na tura ƙofa.

Da ƙyar na gane ƙanena. Mutumin da tumbinsa yake riga shi shiga ɗaki, yanzu riga ce kawai rataye a kan ƙashi. Gemu ya tsiro masa barkatai. Farantin abincin rana yana ƙasa kusa da ƙafarsa, mai ya daskare a kai. Bai waiwayo ba.

"Yaya, ka zo a daidai. Yanzu suke fitowa."

"Su wa?"

Ya nuna bango.

Zanen ya kai girman ƙofa in an kwantar da ita. Na matsa har hancina ya kusa taɓa shi, yadda nake duba aikin ɗalibai. Abin da na zata shi na tarar. Fenti tuli-tuli, wani wuri da wuƙa aka shafa, wani wuri da yatsa. Wai kwanar layin nan ce da almuru. Gidaje sun karkace kamar mashaya. Hanya shunayya. Fitilu kamar an fasa ƙwai a bango. Dokin karusa ja wur, ƙafafunsa sun narke a cikin hanya. Mutane kuwa birjik, amma babu mai ido, babu mai baki. Kowace fuska dunƙulen kore ce da ɗigon rawaya.

"Wane mahaukaci ne ya yi wannan?"

"Célestin Marquay. Wanda ya yi haya a ɗakinmu na can sama."

Na tuna shi. Wani dogo mai yawan tari, rigarsa duk fenti.

"Kullum da almuru yake kafa katakon zanensa a kwanar can," in ji Firmin. "Rannan aka tsinci katakon a tsaye, hularsa a ƙasa, fentin ko bushewa bai yi ba. Shi kuwa har yau babu labarinsa."

"Kunya ce ta kore shi. Ni ma da na yi wannan aika-aika, barin gari zan yi."

"Yi a hankali, Yaya. Suna ji."

"Da wane kunnen? Ai bai zana musu ba. Yanzu kai Firmin, a kan wannan kwaɓen ka bar shagonka, ka bar matarka tana kuka a titi? Ko bango na ba ɗan ƙauye ya shafe mini, ya fi wannan tsabtar aiki."

"Ka cika matsawa kusa," ya ce, kamar bai ji ni ba. "Ja da baya. Zo nan inda nake."

Na ja da baya don in gama da shi in tafi gida. Ɗakin ya fara duhu, sai ɗan hasken da ya rage a taga. Na tsaya bayan kujerarsa, na ɗaga kai.

Tulin fentin ya kwanta. Hanyar ta jiƙe. Hasken fitilu ya zuba a kan duwatsu yana rawa, yadda yake yi in an ɗauke ruwa. Dunƙulen nan masu kore suka zama mutane, a gajiye, suna jin sanyi, kowa yana saurin zuwa gida. Ga wata ta sunkuya a kan kasko. Ga lebura ya ɗaga kafaɗa ya cusa hannu a aljihu. Kamar in ɗaga ƙafa in shiga cikinsu.

Sai na ji ƙamshin soyayyen dankali.

Na dubi taga. A rufe take.

Warin jiƙaƙƙen doki ya biyo baya. Can nesa kuma, ƙarar ƙafar karusa a kan dutse, siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Ka ji, ko?" Firmin ya raɗa.

"Daga waje ne."

"Tagar nan ba titi take kallo ba, Yaya."

Haushi ya turnuƙe ni. A ce dabarar 'yan rufa-ido irin ta kasuwa ta kama ni, ni Anselme, a gaban mai sayar da maɓalli. Na koma jikin zanen ina neman inda zan kama mai shi. Ban sha wahala ba.

A ƙarƙashin fitilar kwana akwai wata mata. Ta fi kowa tsawo, kanta ya kusa kai gilashin fitilar. Baƙar riga har ƙasa, laima a rufe a hannunta. Kowa a cikin zanen tafiya yake, ita kaɗai take tsaye. Kowa ya ba da baya ko gefe, ita ɗakin take fuskanta. A ƙasan rigarta, inda ya kamata a ga ƙafafu, dunƙule biyu ne baƙaƙe, kowanne a tsage.

"Zo ka gani," na ce. "Wannan ƙafar mace ce ko kofaton saniya?"

"Ita ce," in ji Firmin. "Ita nake zaman jira. Akwai abin da take so ta gaya mini, ba ta da baki."

"Ƙafa ma ba ta da ita. Tsaya ka ga yadda ake yi."

Na zaro gawayi daga aljihu. Ba na rabuwa da shi.

Firmin ya zabura ya riƙe mini hannu. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Kada ka taɓa. Célestin ya iya zana ƙafa, da idona na gani. Da gangan ya bar su haka. Ya ce ba duk mai tafiya a layin nan da almuru ne mutum ba. Ya ce in ka zana su daidai, sai su biyo ka gida."

"Kowane malalaci da irin uzurinsa."

Na fizge hannuna. Ba shi da ƙarfin hana ni.

Na durƙusa. Na ja dunduniya, na fitar da tsinin takalmi, na lanƙwasa idon sawu yadda Allah ya halicce shi. Ƙafar dama. Ban taɓa zana ƙafa mai kyawunta ba, kuma har gobe ina kan bakana: aikin nan babu kuskure a cikinsa.

"To ka gani? Haka ake..."

Ƙararrawar coci ta fara bugawa a waje. Tana tsakiyar bugu ta yanke.

Ƙarar karusa ta tsaya. Ko motsin tukwanen Ombeline ban ƙara ji ba.

Shiru.

Sannan, ƙwas.

Tsinin takalmi a kan dutse.

Wani sauti mai nauyi ya bi shi, kamar ana jan gungume. Ɗum.

Ƙwas. Ɗum.

Ina nan durƙushe. Na ji gwiwata ta jiƙe. Na dubi ƙasa, babu darduma. Duwatsun titi ne, ruwa yana bin tsakaninsu.

Na ɗaga kai.

Babu bango. Layin Majema ne ya miƙe a gabana, shunayya, gidaje sun sunkuyo a kaina. Mutanen duk sun daina tafiya. Sun juyo. Fuskoki kore, shafaffu, babu ido ko ɗaya, kuma dukansu ni suke kallo.

"Firmin," na ce.

Yana tsaye a gefena yana murmushi kamar ango.

Ƙwas. Ɗum.

Bakin baƙar rigar ya tsaya daidai hancina. Tana warin man fenti da ruwan kwata. A ƙarƙashinta ga takalmin da na zana, sabo fil, yana sheƙi. Kusa da shi kofato, a tsage, da jiƙaƙƙen gashi.

Ta sunkuyo. Ta daɗe tana sunkuyowa, saboda nisan kanta da ƙasa.

Inda ya kamata baki ya kasance, fentin ya tsage a hankali.

"Malam," ta ce. Muryar kamar ana goga wuƙa a kan ƙyalle. "Hannunka yana da kyau."

Ta kama wuyan hannuna na dama, mai gawayin. Sanyi ya shige ni har haƙora.

"Ƙarasa."

Ta ja hannun zuwa kofaton.

Sauran suka matso. Ba su da ƙafafu, jan jiki suke, suna barin fenti a bayansu. Raɗa ta taso ta ko'ina.

"Ni ido."

"Ni baki, Malam."

"Ni ma. Ni ma."

A bayansu na hango wani dogo, kai babu hula. Shi kaɗai ne mai fuska. Yana girgiza mini kai da ƙarfi, baki buɗe yana ihu, ba sauti.

Célestin.

Na so in saki gawayin. Yatsuna suka ƙi buɗewa.

Bakin gawayin ya taɓa kofato.

Ya fara jan layi da kansa.

Firmin ya wuce ta gefena, ya miƙa mata hannu biyu.

"Ga ni," in ji shi. "Ga ni na zo."

Na cafko ƙafar wandonsa da hannun hagu. Na tattara duk abin da ya rage a ƙirjina.

"Ombeline!"

Ƙofa ta bugu a bayana. Haske ya faɗo. Ombeline ce, ido a rufe gam, tana kiran sunan Maryamu, tukunya a hannu.

Ta watsa.

Miyar albasa, tana tafasa, ta wuce ta kan kafaɗata.

Aka yi wata ƙara irin ta dokin da ƙafarsa ta karye. Hannun ya sake ni. Na faɗi rigingine, na jawo Firmin ya faɗo a kaina.

Darduma. Bango. Miya tana gangarowa a kan zanen, albasa ta maƙale a jikin fitilu.

"Ku tashi!" Ombeline ta daka mana tsawa. "Ku tashi ku fita, tsofaffin banza!"

Muka fita da rarrafe. Ta ja ƙofa, ta murza mabuɗi, ta jingina da ita tana haki. Da numfashinta ya dawo, ta dube ni sama da ƙasa.

"Magana na ce ka yi masa," in ji ta. "Magana kawai."

Na sunkuyar da kai ina goge miya daga kafaɗata.

Washegari da hantsi, da rana ta cika ɗakin, muka shiga mu uku. Mutanen suna nan, kore, sun ba da baya kamar da. Na nemi dogon nan marar hula a cikinsu, ban gan shi ba, ban kuma gaya wa kowa ba. A ƙarƙashin fitilar kwana kuwa babu kowa. Farin ƙyalle ne tas, kamar ba a taɓa sa masa fenti ba.

"Miyar ce ta cinye ta," in ji Ombeline.

Na bar ta a haka. Miya ba ta cin busasshen fenti. Ta ɗauko wuƙar nama ta yanka zanen gunduwa-gunduwa, ta cusa a murhu. Ya daɗe yana ci, hayaƙin yana warin ƙonannen gashi.

Firmin ya yi zazzaɓi ya tashi, ya nemi abinci. Ya koma shagonsa, tumbinsa ya dawo. Ya ce ba ya tuna komai, amma tun rana ba ta faɗi ba yake rufe shago.

Ni kuwa hannuna na dama bai koma daidai ba. Shatin yatsu kore ya zauna a wuyansa, sabulu ya kasa. Hannun rawa yake, ba na iya jan layi miƙaƙƙe. Na bar makaranta, don ba zan tsaya gaban ɗalibai in zana musu kunne kamar ganyen kabeji ba. A gida na ci gaba da zane, tunda ban iya komai ba sai shi. Wani dillali ya gani ya kwashi wasu. Kafin in ankara, masu dogon gashin nan sun fara hawo mini matakala. Su kira ni Baba, su tsaya gaban aikina su karkatar da kai, wai dubi yadda layin yake motsi kamar mai rai. Wawaye. Ciwo ne suke yaba wa.

Cikin hunturun da ya wuce wani mai gemu a cikinsu, Évariste, ya zo da zane a hammata. Ya jingina shi a kujera yana washe baki.

"Baba, duba mini wannan. Kwanar layin Majema ce da almuru."

Shirme ne kamar na sauran. Sama kore, gidaje a karkace. Amma a ƙarƙashin fitila ga baƙar riga, ga laima a rufe.

"Wannan doguwar fa?" na ce.

"Ai kullum tana wurin. Ɗingishi take, baiwar Allah. Ta ma san ka. Da na ambaci sunanka ta ce in gaishe ka."

"Me kuma ta ce?"

Ya sosa gemu. "Ta ce in tuna maka, saura ɗaya."

Na dubi ƙasan zanen. Bai kai ga ƙafafun ba tukuna.

Na ɗauke shi na cusa a murhu a kan idonsa. Ya yi ta ihu, yana kirana tsoho mai hassada. Na ce ya koma garinsu ya kama noma, na tura shi waje, na rufe ƙofa. Kafin mako ya fita na tattara kayana na bar Paris.

Yanzu ina ƙauyen mahaifiyarmu. Ƙauyen jahilai ne, babu wanda ya san zane, babu fitilar titi, babu dutse ko ɗaya a hanya. Dalilin da ya sa na zaɓe shi ke nan. Sai da na zauna na lura da abin da ban yi tunaninsa ba kafin in zo. Hanyar da ta iso ƙofata ƙasa ce mai laushi. In an taka ta, ba a jin ƙara, ko ta takalmi ko ta kofato.